Sai Yaya Yakubu Ya Tuna

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yaya Hajo ta zo da hantsi, ta zauna a bakin tabarma kamar baƙuwa tana murza gefen mayafi. Na san abin da ya kawo ta tun kafin ta gama gaisuwa. Wai mantuwa ta ci ƙarfin mijinta, Yaya Yakubu, wan marigayi Malam mijina. Jiya da sunan uwarsa ya kira ta. Don haka suke zagaya dangi suna nema masa yafiya tun da sauran numfashi. Kowa ya yafe, in ji ta, ni kaɗai na rage.

Na ce mata yafiya ba aike ba ce. Wanda ya yi laifi shi ke zuwa da ƙafarsa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ta ce, "Maman Adila, mutumin da bai san ko ya ci tuwo ba?" Na ce to, sai ya sani.

Ta tafi ba ta taɓa ruwan da na kawo mata ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Tunda shi ya manta, bari ni in rubuta, kada a wayi gari ba wanda ya riƙe.

Daminar babbar ambaliya ce, in ruwa ya sauka bana shekara uku ke nan. Kogi na dukan jinga, samari na cika buhuna da yashi ana kaiwa a jirgi don a tare gari. Yaron nan nawa na fari ya dawo hutu daga kwaleji. Ɗan boko ne, bai ƙware a ruwa ba. Na aiki ƙanwarsa Adila ta gaya wa baffansu kada ya sa shi a jirgi, ya bar shi a tudu wajen cika buhu. Amsar da ya aiko min: ɗan ƙaninsa ɗansa ne, mace ba za ta koya masa yadda ake riƙon namiji ba. Ya loda jirgin har ruwa na lasar baki. Mutanen da ke gaɓa suka ce ya rage, ya ce yana tuƙi a kogin nan tun ba a yi auren iyayensu ba. A lanƙwasar kogi jirgin ya kife. Shi ya fito. Yaron, a cikin ciyawar kachalla aka tsinto shi bayan kwanaki.

A zaman makoki abin da ya iya cewa kawai, kwana ne ya ƙare. Na sani, ba yau na fara karatun addini ba. Amma kwanan ya ƙare ne a jirgin da wani ya cika da girman kai. Bai taɓa zuwa ya ce min kanzil ba.

Ni kuwa a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta kukansa a gaban mutane. Haka aka rene ni, haka na yi, kuma ban ga aibun hakan ba, ya fi na 'yan yanzu masu lashe 'ya'yansu a gaban surukai. Na zauna ido a bushe ina raba wa baƙi gumba. Aka yi ta cewa Ummussalma akwai tawakkali.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na bi ta ƙofarsu zan je islamiyya. Yana kan dakali, kumatu sun ciko, ya washe baki: "Amaryarmu, ina Malam?" Malam da ya yi shekaru a ƙasa. Har yau amarya yake ce min, da furfurata.

Mutumin nan ya samu hutu tun a duniya. An share masa allo tas, ni an bar ni da rubutun. Astagfirullah. Allah Ya fi ni sani, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Adila ta zo daga Kano, ta samu hutun kwana biyu daga asibitin da take aikin nas. Siket ɗinta ya matse, na gaya mata. Muna tsinke zogale take ba ni labarin wani magani da ake gwadawa a ɓangarensu, na masu mantuwa.

Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa ƙwayoyin halitta miƙa wa juna saƙo suke yi, ta hanyar wani sinadari mai suna gulutamet. Mai karɓar saƙon tana da 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe kafin ƙiftawar ido. Maganin ba ya kawo saƙon kansa, sai dai ya riƙe ƙofar ta ɗan daɗe a buɗe, saƙon ya shiga sosai ya bar sawu. Na ce kamar mai ban ruwa ya bar bakin fangali a buɗe har ƙasa ta sha? Ta yi dariya ta ce kusan haka, amma in ruwan ya wuce kima shukar ce ke ruɓewa, shi ya sa ake lallaɓawa. Wai a ɓeraye an ga alama, a mutane ba a tabbatar ba tukuna.

Na tambaya ko suna ɗaukar tsofaffi daga nesa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Umma, wa kike nufi?" Na ce ta tsinke ganyenta.

Lahadi, 27 ga Afrilu

An gama magana. 'Ya'yansa maza duk suna kudu, sun amince ta waya. Yaya Hajo yanar ido ta hana ta ganin agogo balle rubutun kwalba, kuma masu gwajin sun ce dole a samu mutum ɗaya tsayayye da zai riƙa ba shi ƙwayar safe da yamma a kan lokaci. Na ce ni zan yi.

Ta riƙe hannuna tana kuka tana sa min albarka. Matan unguwa har sun fara, wai Ummussalma ta huce, Allah Ya ba mu irin zuciyarta. Ban yi wa kowa ƙarya ba. Cewa na yi ina so ya tuna.

Ina so ya tuna jirgin, ya tuna buhunan, ya tuna abin da ya aiko min. Ya zo ya durƙusa da hankalinsa. Sannan in dubi tsabar idonsa in ce ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah. Shi ke nan buƙatata a duniya.

Talata, 6 ga Mayu

Kano. Zafi kamar a gasa mutum, shi kuwa ya yi ta yi wa direba hirar kifi tun daga Hadejia har Gezawa.

Likitan, Dakta Modu, dogon Babarbare ne mai magana a hankali. An ɗebi jini, an sa Yaya ya zana agogo, an faɗa masa kalmomi ya maimaita, bayan ɗan lokaci ko ɗaya bai kawo ba, sai dariya. Likita ya yi mana bayani a gabansa da gaban matarsa, suka yarda. Wata huɗu za a yi. Zai iya kawo ciwon kai ko rashin barci, in mun ga jiki na karkarwa mu kira nan take.

Abu biyu ya faɗa da suka ɓata min rai. Na farko, wai kada mu sa ran abin da ya riga ya goge zai dawo, abin da ake fata shi ne ya riƙa riƙe sabon abu. Na biyu, rabin mutanen ƙwayar gaske za a ba su, rabin kuwa ƙwaya ce mai kama da ita wadda ba komai a ciki, kuma shi kansa bai san wa ya samu wacce ba. Na ce wato rabin tsofaffin nan yaudararsu za ku yi? Ya ce, "Mama, ba yaudara, ga shi ina gaya muku. In ba haka ba, ba za mu san ko maganin ne ya yi aiki ko kulawarku ce ba."

Kulawata. Allah Ya sa ta gasken ce a kwalbar nan.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na fara. Da safe da kunu, da la'asar da fura. Gidan Yaya Hajo kaji har kan gado, sai da na share kafin in zauna. Ya haɗiye ya ce Allah Ya yi wa amarya albarka. Na karɓi kofin na juya.

Laraba, 21 ga Mayu

Ba komai. Kullum sai ya tambaye ni yaushe na zo gari.

Litinin, 2 ga Yuni

Yau ya leƙa kofi ya ce, "Jiya na tsamiya kika kawo, yau na gyaɗa." Haka ne kuwa.

Yaya Hajo ta yi guɗa a tsakar gida. Ni ma na ji daɗi, irin daɗin da mahauci ke ji in wuƙa ta fara kama dutse. Na dawo gida na yi nafila raka'a biyu, sai da na sallame na tsaya ina tunanin me na gode wa Allah a kai. Na bar tunanin.

Lahadi, 8 ga Yuni

Sallah. Yau kwana na uku da layya, na soya hanta, hannuna ya ware wani kaso a kwano ya rufe kafin in farga. Na ba maƙwabta.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na gwada yau. Yaya Hajo ta tafi barka, daga ni sai shi a zaure. Ya san ranar, ya san an yi ruwa shekaranjiya, na ga lokaci ya yi.

Na ce, Yaya, ka tuna yaron da ka ɗauka a jirgi shekarar ambaliya? Ya ce wane yaro, yaran da ya ɗauka a jirgi ai sun fi gashin kansa. Na ce ɗan ƙaninka. Ya ce wanne, ƙannensa maza huɗu ne kowa da garke. Na ce nawa. Ya ce, "To amarya, ba shi da suna ne?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Tun ranar da aka raɗa masa sunan nan ban taɓa ɗora shi a harshena ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na tattara kofina na fito. Har na kai gida haushi bai sake ni ba. Wato shari'ata a kan kalma ɗaya za ta tsaya.

Talata, 24 ga Yuni

Shi ya faɗi sunan da kansa, ba wanda ya tambaye shi. Yana shan fura sai ya kira shi, haka kawai, kamar yaron na bayan ƙofa. Ya ce ya kwana biyu bai leƙo ba, makaranta ta riƙe shi.

Sai ya shiga labari. Wai yaron yana ƙarami, duk ranar da na zane shi nan yake gudowa ya ɓuya a ƙarƙashin komar kamun kifi. Wata rana baffan ya ce masa, uwarka ba ta sonka, ka dawo nan gaba ɗaya. Yaron ya fito daga cikin komar ya ce, "Tana sona. Ba ta faɗa ne. Amma kullum akwai kwano a bayan randa, kuma ba ta taɓa cewa na waye ba."

Ban san ya lura ba. Na ɗauka yana ganin kwanon tsintuwa ce.

Na ce masa furar za ta tsinke ya shanye. Wannan ba ya rage komai daga laifinsa. In ma wani abu ne, ƙari ne: ya san irin yaron da ya ɗauka.

Asabar, 5 ga Yuli

Na daɗe a can yau, sai da aka kira magariba. Labarin ranar da yaron ya kama tarwaɗa ta farko ta kuɓuce ta cikin rigarsa, da yadda ya koya wa baffan sa hannu a takarda ya daina dangwale. Akwai shekarun yaron nan da ke wajen mutumin nan waɗanda ni ba ni da su, don ni ba na zama hira da shi, ba a yi.

Sauraro nake don in gane inda tunaninsa ya kai. Yana zuwa har kwaleji, daga nan sai ya tsaya kamar an datse hanya. Ambaliyar babu ita.

Asabar, 12 ga Yuli

Adila ta zo, ta raka ni ta ga yadda nake ba shi. A hanyar dawowa ta ce, "Umma, jinya kike yi ko shari'a kike haɗawa?" Na ce yaushe ta fara yi min tambaya a titi.

A gida ta ci gaba. Wai na ji abin da likita ya ce, ranar nan ba za ta dawo masa ba, in na faɗa masa ba tunawa zai yi ba, sabon abu zan zuba masa, kuma mai yiwuwa ya zauna. Na ce to ya zauna mana, ni ba a zaune yake a kaina ba? Ta ce, "Ni aka aika ranar, Umma. Ni na dawo miki da amsar. Kina ganin ni na manta? Amma wanda ya yi maganar nan ba ya cikin rigar nan yanzu."

Na ce wanda ya ci bashin rai ba ya canja riga ya ce ba shi ba ne. Na kuma gaya mata boko bai ba ta izinin yi wa uwarta wa'azi ba. Ta koma Kano ba mu shirya ba.

Juma'a, 25 ga Yuli

Ruwa ya fara tasowa, maza sun shiga yankan kachalla don ya samu hanya. Na rufe ɗaki na gwada faɗin sunan. Harafin farko kawai. Mace da jikoki a dangi tana tsaye gaban bango kamar 'yar aji ɗaya.

Litinin, 4 ga Agusta

Na faɗa.

Samari ne suka wuce da kura cike da buhunan yashi za su jinga. Ya miƙe daga dakali da ƙarfinsa, ido na ƙyalli, ya ce a kira masa yaron su yi lodi, jirginsa na ɗaukar ninkin na kowa. Ninkin na kowa. Da wannan bakin.

Ban san lokacin da sunan ya fita ba. Na faɗe shi da ƙarfi har kaji suka watse. Na ce ya mutu, kai ka kashe shi. Na aiko kada ka ɗauke shi ka ce mace ba ta isa ba, aka ce ka rage kaya ka ƙi, ka kifar da shi a lanƙwasa ka fito ka bar shi, a cikin kachalla aka samo shi kifi ya taɓa masa fuska. Ban rage komai ba. Na maimaita sunan, na sake maimaitawa, kamar wadda aka ɓalle wa marfi.

Ya koma ya zauna a hankali. Yaya Hajo ta fito da muciya a hannu ta ce, "Ashe abin da ya kawo ki ke nan. Wata uku ina sa miki albarka." Na ce ban taɓa ce miki na yafe ba. Ta ce kada in ƙara tako mata gida.

Na dawo na yi wanka. Ban yi nadama ba.

Talata, 5 ga Agusta

Yaya Hajo ta aiko a kira ni. Ya ƙi karɓar ƙwayar a hannunta, wai amarya ce mai ba shi.

Ina shiga ya ce, "Jiya kin ce ya mutu." Ya riƙe. Bai ɓata ko kalma ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Ba ya cin abinci sai an matsa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya tambaya ko da gaske ne. Wasu su ce ƙaddara ce Baffa, wasu su sunkuyar da kai su wuce. Ya juya tabarmarsa ta fuskanci kogi. Labari ya ɗauke, ko na tarwaɗa.

Daidai ke nan. Ya ɗanɗana.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ina tankaɗe da hantsi na ji sallama. Shi ne, shi kaɗai, ba hula, ƙafa duk taɓo. Mutumin da ke ɓata tsakanin ɗaki da banɗaki ya gane hanyar gidana.

Ya durƙusa a tsakar gida, wan mijina, gaban turmi. Ya ce, "Amarya, na nema a kaina ban samu ba. Ban ga jirgin ba, ban ga ruwan ba. Amma ke ba kya ƙarya, kowa ya sani. In kin ce na yi, na yi. Ki yafe min."

Shekara uku ina gyara amsar nan, ta fito sumul. Na dube shi na ce ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To." Ya yunƙura zai tashi gwiwa ta ƙi, sai da na kama shi, don ba zan bar dattijo a ƙasa maƙwabta su gani ba. Ba nauyi a jikinsa ko kaɗan. Na raka shi gida.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na samu abin da na nema. Tuwon jiya yana nan a rufe.

Talata, 26 ga Agusta

Kano, awo. Ya rame har likita ya tambaya me ya faru a gida. Yaya Hajo ta dube ni, na faɗa da bakina, ba na ɓoye abin da na yi. Ya rubuta, bai yi min faɗa ba, da ma ya yi.

Na tambaye shi, tunda ya riƙe maganar, ta gasken ce ke nan? Ya ce ba lallai ba. Magana mai zafi takan zauna ko ba magani, haka ma wadda ake maimaitawa kullum. Sai an gama da kowa za a buɗe a gani, wataƙila baɗi. Wannan kwalbar ita ce ta ƙarshe, in ta ƙare an gama, ba a ba da ƙari.

Adila ta rako mu tasha. Ba ta gaishe ni da kyau ba, na lura. Da za mu shiga mota ta matso ta ce, "In ma ta gasken ce, mako biyu ya rage ƙofar ta koma yadda take. Abin da ya shiga ya shiga. Ki duba me kika bar masa a ciki."

Yarinyar nan bakinta ya yi tsawo. Halin dangin ubanta.

Litinin, 1 ga Satumba

Yanzu gaisuwarsa ke nan. A ce Baffa ina kwana, ya ce, "Amarya ba ta yafe ba." Liman ya zo dubiya, haka ya gaya masa. Yau da safe ya sake kiran Yaya Hajo da sunan uwarsa, amma wannan bai kuskure ba.

Na so ya tuna abin da ya yi. Abin da na faɗa ya tuna. Muryata ce a kansa, ba jirgin ba. Wanda ya yi min girman kai ya tsere tun tuni, ban same shi ba, wannan tsohon na samu.

Kuma ba wanda ya ƙara kiran sunan a duniya. Shi kaɗai ne mai kira.

Alhamis, 4 ga Satumba

Bayan ya haɗiye ta la'asar na faɗa masa wata magana. Ba sai na rubuta ta ba. Gwaji ne kawai, in ga ko ƙwayar na aiki har yanzu.

Juma'a, 5 ga Satumba

Bai riƙe ba. Ina shiga ya ce amarya ba ta yafe ba. Waccan sau ɗaya na faɗa ta kafe kamar ƙusa, wannan kuwa ta zame. Na sake faɗa da safe, na sake da yamma, da ƙarfi, don kunnensa ma ya yi nauyi. Yaya Hajo na bakin murhu ta yi kamar ba ta ji ba, amma ta turo min kujera da ƙafa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Safe da yamma. Na sa shi ya maimaita bayana kamar ɗan makarantar allo. Ya kai rabi sai ya koma tsohuwar. Na ce wa Yaya Hajo ita ma ta riƙa tuna masa tsakanin sallah da sallah, tunda ba abin da take yi sai kiwon kaji.

Ƙwayar da ta rage ba ta rufe gindin kwalba ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Ta ƙarshe. Na riƙe ta a tafin hannu na daɗe ina kallo, 'yar fara, ko gari ne ko magani Allah Ya sani. Na ba shi, na kama fuskarsa da hannu biyu, abin da ban taɓa yi wa namiji ba, na faɗa a hankali har sau uku, da sunan yaron a ciki.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ba ƙwaya yanzu, amma na riga na dama kunun, zubarwa almubazzaranci ne. Na kai.

Jinga ta riƙe bana, ruwa ya fara ja. Na same shi a dakali ya ci rabin ɗumame. Mai kifi ya tsaya da kekensa ya ce Baffa ina kwana. Na tsaya da kofi a hannu. Ya shiga lalube, har na ɗauka tsohuwar ce za ta fito. Sai ya ce, "Amarya ta ce ta yafe." Ya juyo ya tambaye ni, "Me na yi miki ne?"

Na ce kunun zai huce.

Ya sha. Can ya ce ko ya taɓa ba ni labarin tarwaɗar da ta shige rigar yaron nan. Na ce a'a, bai taɓa ba.

Kada Adila ta ji ta ɗauka maganarta ce ta yi aiki. Gwaji na fara, ba na barin abu a rabi, shi ke nan. Abin da ke tsakaninmu Allah Ya san shi.

Gobe na gyaɗa zan kai, ya fi shan shi.

Muttaka. Ashe haka sunan yake a rubuce.